Waiwaye: Yadda Aka Gano Madatsar Ruwa Tana Haɗa Guba Da Kanta

Duk lokacin da aka tashi gina babbar madatsar ruwa a arewacin Kanada, sai maganar guba a jikin kifi ta taso. Ta fi ɗaukar zafi a watan Oktoban 2016, lokacin da 'yan asalin yankin Labrador suka kutsa harabar aikin madatsar Muskrat Falls, wasunsu har da yajin cin abinci. Abin da suka nema shi ne a sare itatuwa, a kwashe ƙasar sama daga filin da ruwa zai cinye kafin a rufe madatsar. An cika tafkin a 2019, kuma har yau ana auna kifin Tafkin Melville da ke ƙasa da shi, ana ta ja-in-ja a kan ma'anar sakamakon. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka sabon tsoro ne ya kama mutane. Alhali maganar ta girmi yawancin waɗanda suka fito zanga-zangar.

Gubar da ake magana a kai ita ce metilmakuri, wani nau'i na zaiba, wato makuri, da ke shiga jikin mai rai ya zauna. Duniya ta san ta a Minamata ta ƙasar Japan a 1956, inda dattin masana'anta ya gurɓata kifin da masunta ke ci, mutane suka kama makyarkyata, ganinsu ya ƙuntata, aka riƙa haifar jarirai da naƙasar ƙwaƙwalwa. Sai Iraƙi a 1971 zuwa 1972: aka ci burodin da aka yi da irin alkamar da aka shafa wa magani mai ɗauke da wannan guba, fiye da mutum 6,000 suka kwanta asibiti, 459 suka rasu a can. Daga waɗannan biyun kowa ya ɗauki darasi guda, cewa wani ne ke zuba gubar, in an toshe bututunsa magana ta ƙare. Ko da masana biyu a Suwidin, Jensen da Jernelöv, suka nuna a 1969 cewa ƙwayoyin halitta na cikin laka suna mayar da zaiba ta zama metilmakuri, hankali bai bar kan masana'antu ba.

Abin da ya rusa wannan fahimta ya faru ne a wani wuri da ba a cika ambatonsa ba. A 1976 aka tare Kogin Churchill na lardin Manitoba (ba shi ne na Labrador da madatsar Muskrat Falls ke kai ba, suna ne ya zo ɗaya) don karkatar da ruwansa zuwa tashoshin lantarki. Ruwan tafkin Southern Indian ya tashi da kusan mita 3, ya haura gaɓa ya shanye daji da fadamu. Mutanen Cree, 'yan asalin wurin, masunta ne, da kifi suke ci da shi suke sayarwa. Cikin shekara biyu zuwa uku, zaibar da ke naman kifaye masu cin 'yan'uwansu ta tashi daga kashi 0.2 zuwa 0.3 cikin miliyan ta kai 0.5 zuwa 1.0. Doka a Kanada kuwa ta hana sayar da kifin da ya haura 0.5. Ga shi babu masana'anta a kusa, babu ma'adinin da ake haƙa. To daga ina?

Masu bincike daga Winnipeg, Bodaly da Hecky da Fudge, su suka bi sawun abin har suka wallafa bayaninsa a 1984. Ashe zaibar tana nan tun fil azal. Iska na ɗauko ta daga aman wutar duwatsu da hayaƙin kwal, ruwan sama ya sauke ta, ganye da ƙasa su riƙe ta ɗaruruwan shekaru ba tare da ta cuci kowa ba. Da ruwa ya rufe dajin, sai ciyawa da ganye da saiwoyi suka fara ruɓa. Ruɓar ta cinye iskar oksijin da ke ƙasan ruwa, kuma irin wannan wuri ne wasu bakteriya ke so. A 1985 aka tabbatar cewa masu rayuwa a kan sinadarin salfet su ne kan gaba a aikin. Suna haɗiyar zaiba su fitar da ita a matsayin metilmakuri. Kamar dai tukunyar daddawa ce: kayan suna nan tuntuni, rufewa da ɗumi ne ke sa su canza.

Daga nan sai hawa. Gansakuka ta tsotsa, ƙananan halittu su ci gansakuka, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, kowane mataki gubar na ninkuwa, har abin da ke naman babban kifi ya kan fi na ruwan da yake iyo a ciki sau miliyan. Shi ya sa hatsarin ba a shan ruwan yake ba. Kuma tana manne da tsokar kifin, suya ko banda ba sa fitar da ita. Ta fi yin ɓarna ga ɗan tayi, domin tana ratsa mahaifa.

Abin da aka gani a Manitoba ya sake faruwa a madatsun La Grande na lardin Kebek, waɗanda aka fara cikawa a ƙarshen shekarun 1970. Aka ce wa mutanen Cree su rage cin kifi, su da kakanninsu ba su san wani abinci da ya fi shi ba, da dama suka koma ga abincin kanti. A ganina wannan asarar ce ba a taɓa sa ta a lissafi yadda ya kamata ba, domin ita ba a auna ta da megawat. A 1993 masana suka malale wata fadama da gangan a yankin tafkunan gwaji na Ontario, haɗuwar gubar ta ninka kusan sau 40. Daga nan gardama a kan musabbabi ta ƙare.

Gubar tana kuma warwarewa, ba don haka ba da tafkunan duniya sun gama lalacewa. A 1996 aka nuna a waɗannan tafkunan gwaji cewa hasken rana yana farfasa ta a saman ruwa, sai dai in ruwan ya yi duhu da jiƙon ganye hasken ba ya nisa. Akwai kuma bakteriyar da ke tsinka ta, zaibar ta koma tururi ta tashi sama. Abin da ya rage tsakanin haɗawa da warwarewa shi ke shiga kifi. A sabon tafki haɗawar ce ke rinjaye, sai ruɓaɓɓun kayan sun ƙare sannan ma'auni ya juya, abin da a Kanada ya kan ɗauki shekara 20 zuwa 30. Tafki mai zurfi yana da nasa hali: da zafi ruwan da ke saman tafkin ba ya gauraya da na ƙasa, ƙasan ya rasa iska, in aka buɗe ƙofar ƙasa sai gubar ta bi kogi zuwa ga waɗanda ba su ma ga madatsar ba. Haka in ruwa ya ja da rani ciyawa ta fito a gaɓa, damina ta sake rufe ta, aikin ya sabunta.

A 2013 aka gano ƙwayoyin gado biyu da ke ba bakteriya ikon haɗa metilmakuri, a shekarar kuma aka amince da Yarjejeniyar Minamata, wadda ta fara aiki a 2017. Ta fi mayar da hankali kan rage zaibar da ake saki, kuma babbar kafar sakinta a duniya yanzu ita ce haƙar zinare ta gargajiya, irin wadda ake yi a Zamfara da jihar Neja da Ghana, inda ake dama zaiba da garin dutse a ƙona. Ruwan sama na wanke waɗannan wurare zuwa koguna, ga madatsar Zungeru da aka kammala a 2023, ga Kandadji da aka fara ginawa a Nijar, ga zafin da ke hanzarta ruɓa. Masana Manitoba sun iya kama canjin ne saboda akwai awon kifi na kafin a tare kogin. Irin wannan awo na giwan ruwa, mai cin kifi, da na karfasa, mai cin tsiro, shi ya kamata a yi wa kowane sabon tafki a wajenmu tun ruwa bai hau ba, a kuma ci gaba da maimaita shi a kasuwannin da masunta ke kai kamunsu.