Ma'anar rigireshin mai gauraye bayanai a binciken alamomin cuta

Rigireshin hanya ce ta lissafi da ke auna alaƙar abubuwa da dama, a haɗe, da sakamako guda. A binciken lafiya ana amfani da ita don a gano ko wata alama da aka auna a jini, wadda masana ke kira bayomaka, tana hasashen abin da zai sami majinyaci bayan an ware tasirin shekaru, jinsi da magani. Wuyar aikin ita ce waɗannan bayanai ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da ƙofar da yake shiga.

A ɗauki cutar sikila. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1994 ya nuna masu yawan HbF, wato himogulobin na jarirta, sun fi tsawon rai. Wanda zai gwada wannan a asibitinsa zai tarar da HbF adadi ne cikin ɗari, jinsi gida biyu ne, nau'in sikilar kuwa rukuni ne: SS, SC, ko S haɗe da talasimiya (wata cutar jini ta gado).

A rukunin nan aka fi yin tuntuɓe. In aka rubuta SS 1, SC 2, na ukun 3, aka miƙa wa kwamfuta, za ta ɗauka tazarar da ke tsakaninsu daidai take, alhali lambobin suna ne kawai. Ƙa'ida ita ce a zaɓi ɗaya, misali SS, ya zama abin kwatance, sauran biyun kowanne a ba shi layinsa a jadawalin bayanai, inda za a sa 1 ga mai wannan nau'in, 0 ga wanda ba shi da shi. Rukuni uku, layi biyu.

Adadi kuma a bar shi adadi. Raba HbF zuwa "sama" da "ƙasa" a tsakiya yana yi wa bincike asarar da ta kai kusan zubar da kashi ɗaya cikin uku na majinyatan. Alama irin CRP, wato sinadarin da ke nuna kumburi a jiki, wadda 'yan ƙalilan ke da ita da yawan gaske, a juya ta zuwa logaridim (lissafin da ke matse manyan adadi) tukuna, kar mutum uku su karkatar da lissafin duka.

Sakamakon ne ke zaɓar samfuri, wato irin rigireshin da za a yi: in shanyewar ɓarin jiki ce, e ko a'a, sai lojistik; in yawan tashin ciwo ne a shekara, sai Poisson; in tsawon lokaci ne kafin mutuwa, sai hanyar Cox ta 1972.

Sai batun yawan majinyata. Tsohon ma'auni na 1996 ya ce a sami aƙalla mutum 10 da abin ya faru da su kan kowane layi. Mutum 60 da suka shanye, layi 6 ke nan, kuma nau'in sikila ya riga ya ci biyu. In babu mai SC ko ɗaya da ya shanye, lissafin lojistik zai fashe, ya ba da adadin da ba shi da ma'ana; gyaran Firth na 1993 ne maganinsa. In alamomin sun yi yawa ana tacewa da lasso, wata hanya da ke cire marasa tasiri, amma sai an daidaita sikelinsu, kuma a ɗauki nau'insa na rukuni don layukan SC da talasimiya su shiga tare ko su fita tare.

Haidiroksiyuriya kuwa, wato wani maganin sikila, tana buƙatar kulawa ta musamman. Tana ɗaga HbF, kuma galibi waɗanda ciwo ya fi tsananta wa ake ba. Saboda haka a auna HbF kafin a fara maganin, ko a rubuta ranar farawa da yawan tashin ciwon da aka yi a baya, a sa su cikin samfurin.