Zinder (Damagaram)

Zinder, wanda mutanen ƙasa suka fi kira Damagaram, shi ne babban birnin jahar Zinder a kudancin Jamhuriyar Nijar. Ƙidayar 1977 ta sami mutum kimanin 54,000 a cikinsa, ta 1988 ta sami kusan 120,000, ta 2012 kuwa sama da 235,000. Yawancin mazauna Hausawa ne, tare da Barebari, Buzaye, Fulani da Tubawa.

Wurin da yake

Birnin na da nisan kusan kilomita 900 gabas da Yamai a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta wuce Miriya da Gure zuwa Diffa. Kano ta fi kusa, kilomita 240 ko makamancin haka ta Matamaye da Daura. Hanyar arewa tana bi ta Tanut zuwa Agadas.

A kan dutse garin yake zaune. Manyan duwatsu sun ɓullo har tsakanin gidajen Birni, tsohuwar unguwar da fada take, kuma wannan dutsen ne ya sa rijiya ba ta cika ba da ruwa ba. Daga Gogo da Machaya ake janyo ruwan famfo tun da daɗewa, daga baya aka ƙara da Arunguza da Ganaram, amma har yanzu idan bazara ta yi tsanani za a ga jarkoki a jere bakin famfo tun asuba, ƴan ga-ruwa na tura kura daga unguwa zuwa unguwa.

Tarihi da unguwanni

Ana danganta kafuwar sarautar Damagaram ga Malam Yunus, wajen 1730, a ƙarƙashin ikon Barno. An ce Sarki Sulaiman ne ya mai da fada Zinder a farkon ƙarni na 19. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga wajen 1851 zuwa 1884, shi ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suna zuba igwa da haɗa albarushi, ya kuma mai da garin babbar mashiga ta ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus. Fatake da Buzaye ba sa kwana cikin ganuwa, a Zango suke sauke raƙuma, har Zangon ya zama gari mai zaman kansa. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a nan. Shekara guda bayan haka sojojin Faransa suka ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini. Zinder ta riƙe hedikwatar mulkin mallaka daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai. Wasu na cewa ƙarancin ruwa ne dalili, wasu na cewa kusancinta da Turawan Ingila na Kano ne.

Sabon Gari ya cike tazarar Birni da Zango. Garin Malam da Kara-Kara suna cikin unguwannin gefe, kuma yau sabbin filaye ne ke cinye gonakin gero ta kowace kusurwa, gini na riga famfo da lantarki isa. An raba birnin gundumomi 5.

Tattalin arziki

Kasuwanci da Najeriya shi ne ƙashin bayan garin. Shanu, tumaki, wake da fatu suna gangarawa kudu, kayan masarufi suna hawowa, naira na yawo tare da sefa a Kasuwar Dole. Shi ya sa rufe iyaka a 2019 da 2023 ya taɓa kowane gida. Gyaɗa, wadda ta ɗauki jahar a zamanin Turawa, ta faɗi bayan farin shekarun 1970. Jima da dukanci tsofaffin sana'o'i ne da har yau ake alfahari da su.

A 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ, kilomita 50 da ɗoriya arewa da birnin. Tana iya tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man da ake haƙowa a Agadem, jahar Diffa. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar 40. Ana taƙaddama kan yawan aikin da ta samar wa ƴan gari. Matasa da dama kabu-kabu suke yi.

Ilimi

Makarantun allo da zaurukan malamai sun riga boko da ƙarnuka, kuma almajirai na zuwa daga ƙauyuka da rani. A ɓangaren boko, makarantar sakandare ta Lise Amadu Kuran Daga ce ta fi suna, akwai kuma makarantar horar da malamai ta Askiya Muhammad da makarantar ma'aikatan lafiya. An kafa jami'ar Zinder a 2010, daga baya aka sa mata sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin. A unguwannin gefe, inda yara suka fi azuzuwa yawa, ana karatu a rumfunan zana da akan sake kafawa bayan damina.