Horon aikin jinƙai mai tallafi ga ɗaliban injiniya

Horon aikin jinƙai ga ɗaliban injiniya wani nau'i ne na sanin makamar aiki. Ɗalibin da ke jami'a, ko wanda bai daɗe da gamawa ba, yakan yi makonni ko watanni tare da ƙungiyar agaji, ko hukumar gwamnati, ko ƙaramin kamfani, ana aikin da ya shafi bukatun talakawa: ruwan sha, ban-ɗaki, matsuguni, lantarkin hasken rana a karkara, murhun da ba ya cin itace da yawa, da injinan sarrafa amfanin gona. Ana kiransa mai tallafi idan wani ne ya ɗauke wa ɗalibin kuɗin jirgi da masauki da abinci da inshora, wani lokacin har da alawus. Tun bayan 2015, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa, akasarin masu shirya horon sun haɗa aikin jinƙai da kare muhalli a tsari ɗaya.

Asali

Shigar injiniyoyi aikin agaji ta riga shigar ɗalibai da shekaru masu yawa. Sunan da aka fi ambata a farkon tarihin shi ne Fred Cuny, Ba'amurke daga jihar Texas, wanda ya fara aikin agaji a 1969 lokacin yaƙin basasar Najeriya, a yankin da ake kira Biyafara. Abin da ya gani a can shi ne ƙungiyoyi na kawo abinci da magani, amma ba wanda ya damu da magudanar ruwa da hanya da yadda ake tsara sansani, alhali kuwa a nan cuta ke samun ƙofa. Ya koma gida ya kafa kamfanin Intertect a Dallas a farkon shekarun 1970. Bayan girgizar ƙasar Guatemala ta 1976 ya yi aikin koya wa maginan gargajiya yadda za su ƙarfafa gini da kayan da suke da su. A 1993 ya jagoranci kafa matatar ruwa a cikin wata hanyar mota ta ƙarƙashin dutse a Sarajevo, birnin yana cikin ƙawanya ana luguden wuta. Ya ɓace a Checheniya a watan Afrilun 1995, ba a ga gawarsa ba.

A Birtaniya tafarki biyu aka bi. Masanin tattalin arziki E. F. Schumacher da abokansa sun kafa ƙungiyar Intermediate Technology Development Group a 1966, bisa ra'ayin cewa ƙasashe matalauta sun fi bukatar na'urar da makanikin gari zai iya kwancewa ya gyara, a kan babbar na'urar da sai an jira Bature ya zo. Ƙungiyar ta koma Practical Action a 2005. Tafarki na biyu na Peter Guthrie ne, matashin injiniya da ya yi aiki a sansanonin 'yan gudun hijirar Biyetnam a Malesiya, ya ga ƙarancin masu sanin aikin ruwa da tsafta, ya dawo ya kafa RedR a 1980, wato rajistar injiniyoyin da za a iya kira idan bala'i ya auku. RedR ƙwararru take nema. Wannan bambanci yana nan har yau: da wuya a tura ɗalibi tsakiyar yaƙi ko annoba, aikin ɗalibai ya fi karkata ga raya ƙasa bayan ƙura ta lafa.

Bala'in garin Goma na 1994 ya sa ƙa'ida ta shigo. Dubban ɗaruruwan 'yan Ruwanda sun tsallaka zuwa Goma, a gabashin ƙasar da ake kira Zayar a lokacin (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yau), suka sauka a kan dutsen aman wuta inda haƙa masai ke da matuƙar wuya, kwalara ta ɓarke, aka ƙiyasta mutum kusan 50,000 sun mutu a wata na farko. Daga binciken da ya biyo baya aka kafa shirin Sphere a 1997, wanda ya gindaya mafi ƙarancin abin da ya wajaba a samar: lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, ban-ɗaki ɗaya ga mutum 20, wurin ɗibar ruwa kada ya wuce mita 500 daga matsuguni. Waɗannan alƙaluma na cikin abin da ake fara koya wa ɗalibi kafin ya tashi.

Wani tsari da ya girmi duk waɗannan shi ne IAESTE, da aka kafa a Imperial College ta Landan a 1948 don musayar ɗaliban fasaha tsakanin ƙasashe goma na Turai. Ba don jinƙai aka kafa ta ba, amma ita ta shimfiɗa al'adar cewa mai masaukin aiki ne zai biya ɗalibi abin da zai ci ya kwana.

Ƙungiyoyin ɗalibai

Ƙungiya ta farko mai sunan injiniyoyin da ba su san iyakar ƙasa ba ita ce Ingénieurs sans frontières, wadda aka kafa a Faransa a 1982 a makarantar koyon aikin gadoji da hanyoyi ta Paris. An kwaikwayi sunan ne daga ƙungiyar likitocin da ba su san iyakar ƙasa ba, wato MSF, wadda ta riga ta da shekara 11, ko da yake ba su da alaƙa ta shugabanci. Irinta sun bayyana a Sifaniya da Italiya a shekarun 1990.

Bunƙasar gaske ta zo cikin shekara huɗu kacal. A Kanada, George Roter da Parker Mitchell, waɗanda suka karanta injiniya a Jami'ar Waterloo, sun kafa Engineers Without Borders a 2000. Ɗaliban Cambridge suka kafa ta Birtaniya a 2001. Ta Ostireliya ta biyo baya a 2003. Kowace cin gashin kanta take yi, da tsarinta da hanyar samun kuɗinta.

Labarin ta Amurka ne aka fi rubutawa. A 2000 Bernard Amadei, farfesan injiniyan gine-gine a Jami'ar Colorado da ke Boulder, ya ziyarci San Pablo, ƙauyen 'yan ƙabilar Maya mai mutum kusan 250 a ƙasar Belize. Ba famfo, ba lantarki, ƙananan yara ne ke yini suna ɗibar ruwa daga kogi maimakon zuwa makaranta. A watan Mayun 2001 ya koma da ɗalibansa takwas, suka kafa famfon da ƙarfin gangarowar ruwa ke turawa ba tare da mai ba, aikin ya ci kimanin dala 14,000. An yi wa ƙungiyar rajista a 2002. Tsarinta shi ne reshen jami'a ya ƙulla yarjejeniya ta shekaru da al'umma guda, ɗalibai su tsara aikin a makaranta ƙarƙashin kulawar ƙwararren injiniya, su je a lokacin hutu a auna, a gina, a dawo duba.

Ta Kanada ta ɗauki wata hanya, kuma ita ce ta fi kama da horon da wannan maƙala ke bayani. A shekarun baya, reshen kowace jami'a kan tara kuɗi ya tura ɗalibi ɗaya ko biyu na wata huɗu, daga Mayu zuwa Agusta, zuwa Gana ko Burkina Faso ko Malawi ko Zambiya. Ɗalibin kan zauna a gidan mutanen gari, ya ci abin da suke ci, ya yi aiki ƙarƙashin wata hukuma ko ƙungiya ta ƙasar. A arewacin Gana da yawansu an ajiye su a ofisoshin gundumomi na ma'aikatar abinci da aikin gona, suna bin malaman gona ƙauye-ƙauye. Sharaɗin tallafin shi ne idan ya dawo ya yi shekara yana koya wa 'yan reshensa abin da ya gano.

Shigar jami'o'i

A 1997 Jami'ar Michigan Tech ta fara digiri na biyu a injiniyan gine-gine da muhalli haɗe da Peace Corps, shirin gwamnatin Amurka na tura 'yan sa kai ƙasashen waje: shekara ɗaya a aji, sannan wata 27 a ƙasar waje, gwamnatin Amurka na biyan kuɗin zama. Peace Corps ta rufe wannan haɗin gwiwa da jami'o'i a 2016. Amy Smith, wadda ta yi aikin sa kai a Botswana, ta kafa D-Lab, cibiyar ƙirƙirar na'urori masu sauƙi don talakawa, a jami'ar MIT ta Amurka a 2002. Cikin ayyukansu na farko akwai yin gawayi daga ragowar raken da aka matse a Haiti, ƙasar da saran itace ya cinye dazuzzukanta. Taron ƙirƙira da ta assasa a 2007 ya sauka a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah a Kumasi a 2009, inda ɗalibai suka zauna teburi ɗaya da maƙera da manoma. Jami'ar Colorado School of Mines ta buɗe sashen injiniyan jinƙai a 2003 da tallafin gidauniyar Hewlett.

Ostireliya ta kawo abin cikin aji. Tun 2007 ɗaliban shekarar farko a jami'o'i da dama na warware wata matsala ta gaske da wata al'umma ta gabatar, a matsayin darasi mai maki. Birtaniya ta ɗauki tsarin daga baya.

Inda kuɗin ke fitowa

Tallafin kan fito daga asusun jami'a, ko gudummawar tsofaffin ɗalibai, ko kamfanonin gine-gine, ko gidauniyoyi, ko gwamnati. Shirin New Colombo Plan, da gwamnatin Ostireliya ta ƙaddamar a 2014, ya biya wa ɗalibai da yawa kuɗin zuwa Kambodiya da Indiya da Nepal, galibi na mako biyu. Engineering for Change, wadda ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka ta kafa tare da wasu, tana ba da horo mai alawus da ake yi ta intanet daga duk inda mutum yake, kuma wannan ya buɗe ƙofa ga matasan Afirka da Asiya da biza ke hana su tafiya.

Batun biyan kuɗi ya fi zafi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sakatariyarta ta daɗe ba ta biyan masu sanin makamar aiki ko sisi. A watan Agustan 2015 labarin wani matashi ɗan New Zealand da ke kwana a tanti a gefen tafkin Geneva saboda tsadar haya ya zagaya duniya. Wasu hukumomin Majalisar, irin su UNICEF da UNHCR da UNDP, suna ba da alawus yanzu. Muhimmancin wannan a fili yake: horon da ba a biya, ɗan mai hali ne kaɗai zai iya yinsa, kuma daga cikin waɗanda suka yi shi ake ɗaukar ma'aikata gobe.

Aikin da ake yi

Yawancinsa ba gini ba ne. Awon ƙasa ne, da gwajin ruwa, da zana taswirar rijiyoyi, da lissafin faifan sola nawa asibitin ƙauye ke bukata, da tattara bayanai, da rubuta rahoto.

Ayyukan da suka lalace

Wannan ne ɓangaren tarihin da ya fi sauya tsarin horon. Ɗalibai da ma'aikatan da ƙungiyar Kanada ta tura Malawi sun riƙa tarar da famfunan da wata ƙungiya ta kafa sun mutu, kusa da su kuma ga ragowar wasu da aka kafa shekaru goma kafin nan, su ma matattu. Ba ƙirar ce ta gaza ba. Babu mai sayar da kayan gyara a kusa, babu asusun gyara, kwamitin ruwa ya watse, ofishin gunduma ma bai san yawan rijiyoyin da ke yankinsa ba. Masu ba da kuɗi sun fi son sabuwar rijiya mai allo da suna, ba mai son biyan albashin makaniki. Ƙididdigar da ƙungiyar Rural Water Supply Network ta tattara wajajen 2009 ta nuna kusan ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa a Afirka kudu da Sahara ba sa aiki, bincike na baya ya sauko da adadin zuwa kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar.

Misalin da ake yawan kawowa a aji shi ne PlayPump, lilo mai juyawa da aka haɗa da famfo don yara su ɗebo ruwa suna wasa. A 2006 uwargidan shugaban Amurka, Laura Bush, ta sanar da tallafin dala miliyan 16.4 don yaɗa shi. Kafin 2010 rahotanni sun nuna ya fi famfon hannu tsada nesa ba kusa ba, gyaransa na da wuya, kuma a wurare da dama mata ne ke tura lilon da hannu idan yara sun gaji. An cire famfunan hannu masu aiki a wasu ƙauyuka don a kafa shi.

Ƙungiyar Kanada ta mayar da martani da wani abu da ba a saba gani ba a harkar agaji. Daga wajen 2008 ko 2009 ta fara buga rahoton shekara-shekara na ayyukanta da suka gaza, ma'aikata na rubuta kuskurensu da sunayensu, duk da tsoron kada masu ba da gudummawa su janye. A Malawi ta daina gina rijiyoyi, ta koma taimaka wa ofisoshin gunduma su ajiye bayanan waɗanne famfuna ne ke aiki, waɗanne ƙauyuka ne ba su da ko ɗaya. Ɗalibin da ya zo da niyyar riƙe sufana sai ya sami kansa gaban kwamfuta tare da jami'in ruwa na gunduma.

Suka

Masu suka na cewa ɗalibin ne ke cin riba fiye da mutanen garin, kuma kuɗin jirgin mutum goma zai ɗauki injiniyan ƙasar aiki na tsawon lokaci. Suna kuma tambayar dalilin barin wanda ba shi da lasisi ya yi a ƙauyen Afirka abin da doka ta hana shi a ƙasarsu. Masu kare shirin na cewa manufarsa tarbiyyar injiniya ce, kuma ƙwararru ne ke sa hannu a kan zane. Ba a daidaita ba. Annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye a 2020, wasu shirye-shiryen suka koma ta intanet ko suka miƙa aikin ga injiniyoyin gida.

A Najeriya

Abin da ya fi kusa da wannan tsari shi ne SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos ya fara a 1973, kuma ɗalibai suka fi sani da IT. Ɗalibin injiniya a jami'a kan yi wata shida a shekararsa ta huɗu, gwamnatin tarayya ce ke da alhakin alawus ɗinsa. An tsara shi ne don masana'antu, amma ɗalibi na iya yin nasa a hukumar samar da ruwa da tsaftar karkara ta jiha, ko a kamfanin haƙa rijiyar burtsatse ko na sola, idan makarantarsa ta amince da wurin.