Waiwaye: Yadda layin wutar SuedLink ya jefa Jamusawa cikin gardamar wa zai biya

Iskar da ke juya injinan samar da wuta a Jamus ta fi ƙarfi a arewacin ƙasar, a gaɓar Tekun Arewa da Tekun Baltik. Manyan masana'antun da ke shan wutar kuwa, irin su BMW da Audi da Mercedes da Bosch, tushensu yana kudu, a jihohin Bavariya da Baden-Württemberg. Shekaru da dama wannan tazara ba ta dami kowa ba, domin kudu tana da tashoshinta na nukiliya a kusa da ita.

A watan Maris na 2011 ne lissafi ya canza. Bayan hatsarin tashar Fukushima a Japan, gwamnatin Angela Merkel ta rufe tashoshin nukiliya takwas a wannan shekarar, ta kuma ɗiba wa sauran wa'adin 2022. Da yawa daga cikinsu a kudu suke. Dole ke nan a kwaso wutar iska daga arewa, alhali wayoyin da ake da su ba a yi su don ɗaukar wannan kaya ba. A 2013 majalisar dokokin tarayyar Jamus, Bundestag, ta amince da dokar da ta jera manyan layukan da ƙasar ke buƙata, kuma uwa-uba a cikinsu shi ne SuedLink: layi mai tsawon kimanin kilomita 700, mai ɗaukar megawat 4,000, daga jihar Schleswig-Holstein zuwa kusa da Schweinfurt a Bavariya da kusa da Heilbronn a Baden-Württemberg. Kamfanonin TenneT da TransnetBW aka ɗora wa aikin. An so a gama shi a 2022, daidai lokacin da tashar nukiliya ta ƙarshe za ta yi shiru.

Da TenneT ya fitar da taswirar inda layin zai bi a farkon 2014, sai ƙauyuka suka tashi tsaye. Mutane suka ga za a kafa musu turakun ƙarfe masu tsayin kusan mita 70 a bayan gida, a tsakiyar gona, a cikin dajin da suka gada kaka da kakanni. Ƙungiyoyin mazauna suka yi ta ɓullowa daga wannan gunduma zuwa waccan, suna kiran layin dodo. Wasu suna tsoron darajar gidajensu za ta faɗi, wasu suna maganar lafiya, wasu kuma cewa suke an ƙirƙiro aikin ne don kamfanoni su riƙa cinikin wuta tsakanin ƙasashen Turai, talaka ya biya. Bai kamata a raina waɗannan mutane ba. Wanda ya kwashe rabin rayuwarsa yana biyan bashin gida yana da haƙƙin ya tambayi dalilin da zai sa shi ne zai ɗauki nauyin abin da ƙasa baki ɗaya za ta mora.

Wanda ya mayar da ƙorafin ƙauyuka rikicin ƙasa shi ne Horst Seehofer, shugaban gwamnatin Bavariya a lokacin. Jiharsa ta amince da dokar 2013, amma da ya ga fushin masu zaɓe sai ya nemi a dakatar da shirin. A shekarar 2014 ɗin dai Bavariya ta kafa dokar da ta ce dole injin iska ya yi nesa da gidaje da ninki goma na tsayinsa, abin da ya kusan tsayar da kafa sababbin injina a jihar. Ga jihar da za ta rasa nukiliya, ba ta son injin iska a gida, ba ta kuma son turakun da za su kawo mata wutar iskar wasu. A ganina nan ne aka fara tafka kuskuren da ake biya har yau.

Sulhun da aka yi a watan Yulin 2015 tsakanin Merkel da Seehofer da ministan tattalin arziki Sigmar Gabriel shi ne a binne wayoyin a ƙarƙashin ƙasa. Doka ta fara aiki a ƙarshen shekarar. Ma'aikatar tattalin arziki ta ƙiyasta cewa binnewar za ta ƙara Yuro biliyan 3 zuwa 8 a kan kuɗin manyan layukan. Shirin da aka kwashe shekaru ana zanawa aka ajiye shi gefe, aka koma farko, domin hanyar da ta dace da turaku dabam take da wadda ta dace da rami. Wa'adi ya tashi daga 2022 zuwa 2025, sannan 2026, yanzu kuma ƙarshen 2028. SuedLink da aka yi zaton zai ci kimanin biliyan 3 da turaku, yau ana maganar kimanin biliyan 10.

Binnewar ma ba ta kashe wutar rikicin ba, hannu kawai ta canza. Manoma suka karɓe ta. Don a shimfiɗa waya mai ƙarfin bolt 525,000 sai an haƙa doguwar kwata a ratsa gonaki, manyan motoci su danne ƙasa, a taɓa magudanan ruwan da ke ƙarƙashin gona. Suna kuma fargabar zafin wayar zai busar da ƙasar da ke samanta. Ƙungiyar manoman Jamus ta nemi a riƙa biyan masu gona kuɗi duk shekara maimakon diyyar sau ɗaya, ba ta samu ba. Aikin kansa ba wasa ba ne: sai da aka shiga haƙa rami mai tsawon kimanin kilomita 5 a ƙarƙashin kogin Elbe, aikin da aka ƙaddamar a watan Satumban 2023, a kudu kuma wani sashe na layin zai ratsa ta cikin mahaƙar gishiri da ke yankin Heilbronn.

Akwai wani kuɗin da jama'a ba sa gani da ido, kuma shi ya fi ba ni takaici, wato kuɗin jira. Duk ranar da iska ta kaɗa sosai a arewa, wayoyin da ke akwai sukan cika. Sai masu kula da layuka su umarci injinan iska su tsaya, a biya masu su diyya, sannan a kunna tashoshin gas ko na kwal a kudu, su ma a biya su. Tamkar manomin da rumbunsa ke cike da hatsi ne, amma saboda hanya ta yanke yake sayen tiya a kasuwa don ciyar da iyalinsa na birni. Wannan dabara ta daidaita layuka ta ci sama da Yuro biliyan 4 a 2022, ta kuma ci kimanin biliyan 3 a 2023. Idan aka tara na 'yan shekaru kaɗan, ya kai kuɗin SuedLink gaba ɗayansa. Ba duka ne laifin jinkirin layi guda ba, amma cunkoson arewa zuwa kudu shi ne babban dalili. A tsakiyar wannan hali aka rufe tashoshin nukiliya uku na ƙarshe a ranar 15 ga Afrilun 2023, bayan an ɗan ƙara musu wa'adi, biyu daga cikinsu a kudu, ba tare da layin da zai maye gurbinsu ya kammala ba.

Duk waɗannan kuɗaɗe a takardar kuɗin wuta suke ƙarewa, a ƙarƙashin abin da ake caja na amfani da layuka. Gwamnati ta riƙa rufe ɓarakar da tallafi. Ta shirya ba da biliyan 5.5 don shekarar 2024, sai Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci a watan Nuwamban 2023 da ya yi wa kasafin kuɗi giɓin biliyan 60. Aka soke tallafin. Nan take kamfanoni huɗu masu riƙe da manyan layuka, TenneT da Amprion da 50Hertz da TransnetBW, suka ninka cajinsu daga santi 3.12 zuwa 6.43 a kan kowane kilowat na awa ɗaya. Daga nan ne maganar ta fita daga bakin 'yan ƙauyen da layi zai ratsa, ta shiga bakin kowane magidanci da mai gidan burodi da mai masana'anta.

Sai ga shi ƙasar ta dawo kan tambayar da ta ɗauka ta rufe a 2015. An tsara wasu sababbin layuka, ciki har da NordWestLink da SuedWestLink da OstWestLink, kuma kamfanonin da za su gina su sun ce za a rage kimanin biliyan 20 idan aka koma ga turaku. Jihohin Baden-Württemberg da Saxony sun goyi bayan haka. Lower Saxony, wadda layuka da yawa za su ratsa ta, ta ƙi. Hujjarta tana da ƙarfi: mutanen arewa sun riga sun cika gonakinsu da injinan iska, sun daɗe suna biyan cajin ƙananan layuka mai tsada fiye da na wasu yankunan kudu saboda haɗa injinan, har sai da hukumar kula da layuka ta fara raba nauyin a kan kowa daga Janairun 2025. A ce musu kuma su haƙura da turaku don kudu ta samu wuta mai araha, magana ce mai wuyar haɗiya. Ga kuma tsoron cewa sake zana hanya zai sake cin shekaru, kamar yadda ya ci a baya.

Yarjejeniyar gwamnatin haɗaka ta Friedrich Merz a 2025 ta ce sababbin manyan layukan za su bi ta sama a duk inda hakan zai yiwu. Gwamnatin ta kuma ware biliyan 6.5 daga asusun sauyin yanayi don sauke cajin layuka a 2026. Wannan zai sauƙaƙa takardar kuɗin wuta, amma kuɗin daga aljihun ƙasa zai fito, kuma mutanen da ke biyan wutar su ne ke cika aljihun. Shi kuwa SuedLink, sabon matsayin bai shafe shi ba. A ƙarƙashin ƙasa za a ƙarasa shi, kuma ƙarshen 2028 ne lokacin da kamfanonin biyu suka ce wuta za ta fara bi ta cikinsa.