Albaras ba kuturta ba ce, kuma tana da magani

Har yau akwai gidajen da ake ware wa mai albaras kwanonsa da kofinsa, wai kada ya shafa wa yara. Wasu kuma su ce haɗa kifi da nono ne ya jawo ta. Duk ba haka ba ne. Garkuwar jikin mutum ce ke afka wa ƙwayoyin da ke ba fata launi, wurin ya yi fari fat. Ba a ɗaukarta ko da tabarma ɗaya kuke kwana. Tabon kuturta kan mutu, a tsikare shi da allura mutum bai ji ba, na albaras kuwa yana ji sarai.

Likitan fata kan fara da man shafawa mai sitiroyid (maganin rage kumburi) ko man Tacrolimus, wanda aka fi amfani da shi a fuska. Idan ta bazu, sai a haska wa fatar fitilar UVB, mai fitar da wani nau'in haske irin na rana, sau 2 ko 3 a mako, wata da watanni. A 2022 Amurka ta amince da man Opzelura ga masu shekara 12 zuwa sama.

Launin kan dawo ɗigo-ɗigo daga gindin gashi, shi ya sa fuska ta fi saurin karɓa, yatsu da leɓe kuwa akwai taurin kai.