Masu tara katunan 'yan wasan ƙungiya ɗaya: tambayoyi da amsoshi kan wata al'adar masoya besbol

A Amurka akwai mutanen da za ka shiga ɗakinsu ka tarar da akwatuna jere, cike da ƙananan katunan kwali masu hotunan 'yan wasan besbol, wato wasan da ake dukan ƙwallo da sanda. Wasunsu duk katin da ya zo hannu ajiye shi suke yi. Wasu kuwa sun zaɓi ƙungiya guda sun ce ita kaɗai za su bi. A kan waɗannan na biyun za mu yi magana, kuma ƙungiyar Pittsburgh Pirates ce misalinmu, don tarihin katunanta ya kai can kusa da tushen al'adar.

Shi katin, me ke jikinsa?

Kwali ne ɗan ƙarami, faɗinsa inci biyu da rabi, tsawonsa inci uku da rabi, kuma wannan ma'aunin ya zauna tun 1957. A gaba akwai hoton ɗan wasa da sunansa da ƙungiyarsa. A baya akwai lambar katin cikin jerin shekarar da alƙaluman abin da ya yi a fili. A rufe ake sayar da su cikin ƙunshi, ba ka san wanda ke ciki ba sai ka yage. Duk wanda ya taɓa ganin littafin manna hotunan 'yan ƙwallo na Panini lokacin gasar cin kofin duniya ya san wannan zumuɗin.

Ta ina abin ya faro?

Daga kwalin sigari. A shekarun 1880 kamfanonin taba suka fara sa kati a cikin kwali, ya tallata musu haja, ya kuma hana karan sigarin lanƙwashewa. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da jerin katuna 524 da ake kira T206. Sunan ya fito ne daga tsarin Jefferson Burdick, mutumin da ya zauna ya rarraba tsofaffin katuna gida gida, daga baya ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke New York tarinsa.

Sai harkar ta koma hannun masu cingam, wato ta koma hannun yara ke nan. Goudey ya yi fice a 1933, Bowman ya shigo a 1948, sannan Topps ya fitar da jerinsa mai katuna 407 a 1952, wanda ya zama abin koyi ga duk na bayansa.

Me zai sa mutum ya tsaya kan ƙungiya ɗaya?

Da farko dai abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar besbol ta Arewacin Amurka, kuma kowace shekara katuna iri iri ke fitowa. Wanda ya ce zai tara duka, kuɗinsa da ɗakinsa za su ƙare bai kai ko'ina ba. Mai bin ƙungiya guda kuwa yana da iyaka. Ya san cewa a jerin Topps na wata shekara katunan Pirates ba su wuce 'yan gomiya ba, zai iya rubuta lambobinsu a takarda ya riƙa sokewa ɗaya bayan ɗaya.

Amma dalilin da ya fi burge ni shi ne na biyu. Mai farautar katuna masu tsada taurari kawai yake gani. Shi kuwa mai bin ƙungiya dole ya nemi katin ɗan wasan da ya yi kakar wasa ɗaya tak ya ɓace, wanda a kasuwa ko dala ɗaya bai kai ba, domin idan babu shi shafin wannan shekarar bai cika ba. Ta haka sunayen da jaridu suka manta suke zama a hannun wani. Sau da yawa kuma ƙungiyar gado ce: uba ya kai ɗansa filin wasa, ɗan ya girma ya gaji akwatin katunan uban, ya ɗora daga inda aka tsaya.

Ana iya kammala tarin Pirates kuwa?

Ga talaka, a'a, kuma kati ɗaya ne ya tare hanya. Honus Wagner ya buga wa Pirates daga 1900 zuwa 1917, yana cikin mutum biyar na farko da aka karrama a zauren gwarazan besbol a 1936. Katinsa na cikin jerin T206, amma da wuri aka daina buga shi. Wasu sun ce bai so yara su sayi sigari saboda hotonsa ba, wasu sun ce kan kuɗin hoton aka saɓa. Waɗanda suka rage a duniya wajen 50 zuwa 60 ne. A watan Agustan 2021 an sayar da ɗaya a gwanjo dala miliyan 6.6, shekara guda bayan haka wani ya kai dala miliyan 7.25.

Don haka masu tarawa kan gindaya wa kansu sharaɗi. Wani ya ce katunan Topps kawai daga 1952 zuwa yau. Wani ya ce shekarun da ƙungiyar ta ci kofin World Series kawai (jerin wasannin ƙarshe da ke fitar da zakaran shekara), wato 1909, 1925, 1960, 1971 da 1979.

Ban da Wagner, wane kati suka fi nema?

Na Roberto Clemente, musamman na shekararsa ta farko, wanda Topps ya fitar a 1955. Ɗan tsibirin Puerto Rico ne, kuma Pirates kaɗai ya buga wa a babbar gasar har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu ranar 31 ga Disamba 1972, lokacin da jirgin da ya ɗauko kayan agaji zuwa ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nikaraguwa ya faɗa teku. Mutane da yawa da ke riƙe da katinsa ba za su sayar ba ko nawa aka taya.

Akwai kuma Bill Mazeroski, wanda ya doka ƙwallon da ta tsallake katangar fili a zagayen ƙarshe na wasa na bakwai na World Series a 1960, aka doke New York Yankees da ci 10 da 9. Wasu kan haɗa katunan mutum tara da Pirates ta fara wasa da su ranar 1 ga Satumba 1971, karon farko a tarihin babbar gasar da duka taran baƙaƙen fata ne da 'yan Latin Amurka; cikinsu akwai Clemente da Willie Stargell da Dock Ellis. A ganina shafin roba mai aljihu tara da ke ɗauke da waɗannan katunan ya fi katuna masu tsada da yawa daraja. Haka kuma a Pirates ne Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya fara wasa a 2017, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga babbar gasar.

Idan ɗan wasa ya koma wata ƙungiya fa?

Yawanci rigar da ke jikin katin ake dubawa. Barry Bonds ya yi Pirates daga 1986 zuwa 1992 kafin ya koma San Francisco Giants. Katunansa na waɗannan shekarun suna shiga tarin, na bayan komawarsa ba sa shiga.

Me ke sa kati ya yi tsada?

Sunan ɗan wasa, ƙarancin katin, da lafiyarsa. Yaran da suka sayi katuna a shekarun 1950 wasa suka yi da su, suna ɗaure su da roba, suna maƙala su a tayar keke don ta riƙa ƙara, iyaye kuma suka zubar da sauran a shara. Shi ya sa mai tsabta ya yi wuya. Kamfanoni irin su PSA, wanda aka kafa a 1991, suna duba kusurwoyi da gefuna da fuskar katin da daidaiton hoton, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba mai tauri. Katin Mickey Mantle, tauraron New York Yankees, na 1952 da ya samu maki 9.5 a wajen SGC, wani kamfanin tantance katuna, an sayar da shi dala miliyan 12.6 a 2022.

To ashe hanyar samun kuɗi ce?

Ga mafi yawan mutane ba ita ba ce, kuma an riga an gwada. A 1981 Fleer da Donruss suka shigo kasuwar da Topps ya daɗe yana ci shi kaɗai, Upper Deck ya biyo baya a 1989. Jama'a suka ɗauka kowane kati zinariya ne, suka sayi akwatuna suka ɓoye, kamfanoni kuma suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Da kowa ya adana nasa, sai babu wanda ya yi ƙaranci. Yajin aikin 'yan wasa na 1994, wanda ya sa aka soke World Series, ya ƙara kashe kasuwar. Yau katunan wancan zamanin araha ne ƙwarai, abin da ya yi wa mai bin ƙungiya daɗi, domin zai iya cike shafukan shekaru da yawa da ɗan kuɗi kaɗan.

Yaya ake adana su?

A sa kowane kati cikin leda mai laushi, masu daraja a ƙara musu roba mai tauri, sauran a jera su a shafuka masu aljihu tara. Danshi na lanƙwasa kwali, hasken rana na kashe launi. Wajen sayen tsohon kati kuma a yi hattara da jabu da wanda aka datse gefensa don ya yi kamar sabo. Idan an ce kamfani ya tantance shi, akwai lamba a jikin robar, sai a duba ta a shafin kamfanin na intanet kafin a biya.