Waiwaye: Yadda gwajin sikila ga jarirai ya faro daga Kumasi

Kakanninmu a Zango sun san ciwon sikila tun da daɗewa. Amosani suke ce masa, Asante kuma su ce ahotutuo. Shi ne na yaron da ke kwana kukan ciwon ƙashi da zarar hunturu ya buso, idonsa ya yi ɗorawa, a ce shawara ce, a jiƙa saiwa a ba shi. Da yawansu ba sa kaiwa shekara biyar. A 1910 wani likita a Amurka ya bayyana ƙwayoyin jinin masu lanƙwasa kamar lauje, daga baya Farfesa Konotey-Ahulu na asibitin Korle Bu da ke Accra ya bi sawun ciwon a cikin danginsa har zuwa 1670. Ciwon kuwa gado ne daga uwa da uba duka.

Wahalar jariri ita ce ana haihuwarsa sumul. Jinin da ya zo da shi daga ciki yana kāre shi na wasu watanni, sai wajen wata shida hannu da ƙafa su fara kumbura, saifa ta raunana, zazzaɓi ɗaya ya iya tafiya da shi cikin dare guda. A 1986 bincike a Amurka ya tabbatar cewa shan fenisilin kullum yana rage wannan haɗari ƙwarai. Amma wa za a ba, in ba a san mai ciwon ba?

Amsar ta fito daga garin nan, Kumasi. A 1995 Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda shi ma ɗansa na fari yana da sikila, ya jagoranci fara gwada jarirai a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee. Ɗan huda ake yi a dunduniya, a ɗiga jini a takarda, a aika cibiyar Noguchi a Accra. Gwajin ya nuna kusan jarirai 2 cikin 100 suna da ciwon, wato kimanin 15,000 a shekara a Ghana. Korle Bu ta bi baya a 2017, haidiroksiyuriya, maganin da ke rage wa masu sikila ciwo, ya shiga inshorar lafiya a 2022, shekarar da Farfesa Ohene-Frempong ya rasu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bayan shekara 30 yawancin jariran ƙasar ba a gwada su, kuma ko a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi akwai uwar da aka ɗebi jinin ɗanta, hidimar suna ta ɗauke mata hankali, ba ta koma karɓar sakamako ba. Wata kuwa tsoron surutun dangin miji ne ya hana ta.

Maƙwabciyata ta koma. Tun 'yarta na wata biyu take ba ta fenisilin safe da yamma. Ran nan na tarar tana lalubar gefen hagu na cikin yarinyar bayan wanka, yadda nas ta koya mata. Ta ce, "Yaya, saifar nake dubawa. In na ji ta sauko, ko tsakar dare ne sai Gee."